Koriyar Alewa

Palermo,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Yayata Mufida,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Lutfi da yara, kamar yadda nake nan lafiya ƙalau, sai dai ƙibar da kike ta yi mini addu'a har yau ba ta iso ba. Yaya ƙafar Ummi? In har yanzu tana hawa soro shanyar barkono, ki ce na ce zan kai ƙararta wajen likita, in ya ƙi saurarona in kai wajen liman.

Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san iyakar karatuna allon Malam Ayyadi ne, shi ma rabinsa a kan katanga na yi shi ina leƙen teku.

Yanzu ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Kin zauna? To tashi, ba mutuwa aka yi ba. Aure nake so in yi.

Na san kin fara dariya. Yi ki gama, ina jira. Ninfa ce, 'yar Zu Tanu maigidana, mai rumfar zaitun da kifin gishiri a kasuwar Ballarò. Ita ce wadda kika gani a hoton sallar bara tana murɗe mini kunne. Tun ranar da Kawu ya ajiye ni a rumfar nan ina yaro, ban iya ko gaisuwarsu ba, ita ta koya mini yaren garin. Da zagi ta fara, ta ce shi ya fi amfani a kasuwa. Yanzu ta gama karatun jinya, kuma ni na daɗe da gama sanin abin da ke raina.

Ta roƙi babanta ya ba ni hutu ranar Litinin mai zuwa. Wai tun da aka haife ta a garin nan ba ta taɓa ɗaga kai ta kalle shi ba, kullum a guje take, saboda haka mu zama baƙi yini guda, mu yi yawo kamar Jamusawa, baki buɗe muna kallon rufin gine-gine. Daga nan in raka ta sayen alewar biki, irin wadda ake lulluɓe ƙwayar lauz, mai kama da gyaɗa, da sukari. Su nan kowace murna da kalar alewarta: ja ta gama karatu, koriya ta baiko, fara ta aure. Bana ja za mu saya. Baɗi, in Allah ya so, ni zan biya kuɗin koriya.

Matsalar ɗaya ce. Na riga na nemi aurenta ya fi a ƙirga. Duk ranar da kasuwa ta yi sanyi sai in yanko zoben albasa, in durƙusa a cikin ruwan kifi, in ce Ninfa ki taimaki maraya. Haka na yi wa Za Pina mamanta, haka na yi wa tsohuwa mai ƙwai, ita har ta amsa, da ƙyar na tsira. To ta yaya mutum irina zai faɗi magana a yarda?

Na samo dabara. A ƙofar babban cocin garin akwai wani ginshiƙi da ya rage tun zamanin da wurin yake masallaci, da aya daga Suratul A'araf a sassaƙe a jikinsa. Ranar da na fara ganin ayar ina yaro, na tsaya na karanta, sai na ji kamar Malam yana bayana da bulalarsa. Duk faɗin garin nan, wurin kaɗai ne ban taɓa yin wasa ba. Zan yi alwala, in ɗora hannuna a kan ayar, in faɗa mata. Ko shaiɗan ya san ba a ƙarya a haka.

Kar ki gaya wa Ummi tukuna. Amma ki ɗan taɓa mata zancen surukar da ba ta salla, ki ji inda za ta faɗi. Ki ce ta iya dafa kifi, wannan zai rage zafin.

Ki gaida kowa da kowa. Ki yi mini addu'a ta gaske, ba irin ta ƙiba ba.

Ƙaninki mai jin magana,
Nizar.

Palermo,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Yaya Mufida,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Ummi da yara da maigida. Ni ma lafiyata lau, ina ci ina sha, ina zuwa rumfa.

In ba ki riga kin taɓa wa Ummi zancen nan ba, ki bar shi. In kin taɓa, ki ce mata halina ne.

Zan ba ki labarin tun daga farko, don in na fara ta ƙarshe ba zan iya komawa ba.

Na yi alwala kafin in fita, na sa farar rigar da kika aiko. Yaya, ban taɓa riƙon alwala irin na ranar ba. Ruwa kaɗan na sha, kare na gani sai in tsallaka titi. Ninfa ta fito da malafar mamanta da tsohuwar kyamarar Zu Tanu wadda babu ko fim a ciki. Ta miƙo hannu za ta saƙala a nawa, na goce. Ta ce, “Yau kuma wane salo ne?” Na ce ai ni jagoran baƙi ne, ba a taɓa ma'aikaci a bakin aiki. Sai ta riƙe gefen hannun rigata, a haka muka yini.

Mun fara da dandalin nan mai tsartuwar ruwa da gumakan dutse tsirara. Na gyara murya na ce, “Madam, waɗannan bayin Allah da kike gani, a unguwarmu suka shanya wanki suka juya baya.” Tana ta latsa kyamarar banza tana cewa “Ya, ya,” wai ita Bajamushiya. Ashe wasu Jamusawan gaske, tsoho da matarsa, suna bayanmu. Tsohon ya ɗan ji yaren, ya fassara wa matar, ta dafe ƙirji don tausayi. Ninfa ta ja ni muka gudu, tana dariya har malafar ta faɗi.

Ba mu shiga kasuwarmu ba, mun tafi ta Capo inda muke zaton ba a san mu ba. Na tsaya gaban wani mai kifi, na nuna kan kifin nan mai takobi, na tambaya da karyayyen harshe ko yana cizo. Mutumin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai ɗan Tunis, wace Jamus? Ba kai ka sa wa ƙanena ƙaguwa a aljihu ba? Zo nan in nuna maka ko yana cizo!” Ya ɗaga wuƙa, 'yan kasuwa suka sa ihu. Ninfa ta ce, “Yanka shi, baba, amma ka auna da kyau, duk ƙashi ne.” Ƙarshe dai sai da ya ba mu soyayyen kifi a takarda kyauta, wai don mu tafi mu bar masa rumfa.

Mun ci panelle, wani irin ƙosansu, a cikin burodi a tsaye, mai yana bin yatsunmu. Mun sha ƙanƙarar lemun tsami a kan matakalar wani coci, muna kallon wata mata tana zuro kwando da igiya daga bene tana zagin mai burodi. Ba ma sauri. Rana ba zafi, iskar teku tana shigowa ta lunguna. Ninfa tana ta sayayya, ni ina dako: mayafin tebur mai zanen lemo, tawul, tukunyar gahawa ƙarama, da finjali biyu masu shuɗin baki. Da ta ɗaga finjalan tana duba su a rana, ta ce, “Sun yi?” Na ce sun yi. Wallahi Yaya, a raina har na zaɓi nawa, wanda bakinsa ya ɗan karkace.

Ki ce mini wawa, na yarda. Mace tana sayen tawul da finjali biyu, ni ina ta murna.

Da la'asar ta kusa muka isa babban cocin. Na ajiye kayan a gindin ginshiƙin. Na ce mata ta cire malafar ta saurare ni. Na miƙa hannun dama na ɗora a kan ayar. Dutsen da ɗumi. Duk maganar da na tsara ta gudu, abin da ya fito kawai shi ne, “Ninfa, ina son ki. Ba na jin zan iya zama a garin nan ko wani gari in ba ke. Ki aure ni.”

Ta kafa mini ido. Na ɗan lokaci kaɗan na zaci ta ji.

Sai ta fashe da dariya. Ta yi dariya har ta durƙusa, har wani fada, cikin limaman cocin, da ke wucewa ya harare mu. Ta shiga laluben aljihuna tana cewa, “Ina albasar? Fito da ita! Na rantse da Santa Rosalia, waliyyiyar garin nan, yau ka fi kullum iyawa, har da rawar murya. Dubi idonsa! A ina ka koyo wannan?” Na ce, “Hannuna fa a kan rubutun yake.” Ta ce, “Na gani, sauke kar ka goge musu kayan tarihi.” Ta share hawayen dariya ta ce, “Kai Nizar, wa zai riƙa ba ni dariya in ba ka kusa?”

Ban tsaya a kan wannan maganar ba. Ina can ina tunanin laifina ne, ban yi mata bayanin ginshiƙin ba. A wajenta dutse ne da baƙi ke shafawa su ɗauki hoto. Na ce ba komai, in mun sayi alewa zan zaunar da ita in fahimtar da ita.

Shagon alewar na wani tsoho ne mai gashin baki, kwalabe jere har rufi, kowace da kalarta. Muna shiga na buga kanta na ce, “Maigida, ja! Cika mana buhu, yau likita ta zo da kanta.” Tsohon ya juya zai sauko da kwalbar. Sai na ji Ninfa a bayana, da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba, ta ce, “A'a. Koriya.”

Tsohon ya washe baki. Ya zagayo ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa, yana cewa na yi sa'a, in riƙe ta da kyau, Allah ya ba mu 'ya'ya maza. Ninfa ta ce, “Ba shi ba ne, baba. Wannan ɗan'uwana ne.”

Ta juyo fuskarta ta yi ja. Ta ce Lillo ne. Kin tuna na taɓa ba ki labarin wani dogo mai tabarau, ɗan ajinsu, da ya zo rumfa na zuba masa gishiri a gahawa, ya shanye tas ya ce a ƙaro? Shi. Ya samu aiki a wani asibiti a Torino, can arewa mai nisa, ita ma za su ɗauke ta. Iyaye sun gama magana, amma ta hana a faɗa a kasuwa. Ta ce, “So nake kai ka fara ji, daga bakina. Shi ya sa na ɗauke ka yau. Na so mu yi yini ɗaya mu biyu, in kalli garin da kyau kafin in bar shi. Ba ka ce komai ba.”

Me zan ce? Bakina ya san aikinsa ko ba ni. Na ce Allah ya jiƙan Lillo, yaro ne mai kirki, bai yi wa kowa laifi ba. Na ce a ƙara wa tsoho kuɗi ya sa baƙar alewa guda ɗaya saboda ango. Ta kai mini duka da malafa, tsohon yana dariya har da tari. Ni na zaɓa musu ɗan ƙyalle mai raga da za a ƙulla alewar, ni na ce kore mai duhu ya fi.

Na ɗauko kayan har ƙofar gidansu, tawul da tukunya da finjalan da buhun alewa a kafaɗa. Duk hanya ina ba ta dariya. Da za ta shiga ta ce wannan ce rana mafi daɗi da ta yi a garin nan. Ni ma haka ne, Yaya, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Da na koma ɗaki na tarar alwalata tana nan ba ta karye ba. Da ita na yi la'asar.

Ki gaida Ummi. Kar ki rubuto kina tausayina, ba zan karanta ba.

Ƙaninki,
Nizar.

Palermo,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayata Mufida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata zazzaɓin ƙaramarku ya sauka, kuma Ummi ta samu sauƙin ƙafar. Wasiƙarki ta iso. Na ce ba zan karanta ba, na karanta har ta fara yagewa a lanƙwasa. Kin ce in dawo gida in huta. In dawo in yi me, in sa wa Lutfi ƙaguwa a aljihu? Ina nan.

Na zaci maganar ta mutu a gindin ginshiƙi. Ba ta mutu ba.

Abin da ya faru, kamar yadda Za Pina ta ba ni labari daga baya, suna cin abinci ne Ninfa take ba su labarin yawonmu, har ta zo kan sabon wasan da na yi mata a ƙofar coci. Tana kwaikwayon muryata, ta ɗaga hannu ta dafa bango. Kowa yana dariya ban da Zu Tanu. Shi da ƙuruciyarsa ya yi shekaru a jirgin kamun kifi tare da mutanen garinmu Mahdiyya, ya san mu ciki da waje. Ya ajiye cokali ya ce, “A kan rubutun ya sa hannu?” Ta ce e. Ya ce, “Ya bari kin taɓa jikinsa kafin nan?” Ta ce a'a, yini ya yi yana gocewa. Tsohon ya tashi ya bar abincinsa.

Washegari a rumfa bai tayar mini da maganar ba. Sai dai na ga ya ɗauki gangar zaitun da kansa, aikin da nake yi tun ina yaro, ya ce in bari, bayana zai yi ciwo. Da ya kira ni ɗana, ba ɓarawo ba kamar kullum, na san an yi wani abu.

Da rana tsaka sai ga Ninfa. Ba malafa, ba dariya. Ta ce wa babanta za ta ari ɗan Tunis. Muka fita ta bayan masu kayan miya, tana gaba ina biye. Tun daga kwanar farko na gane inda za mu.

Kafin mu isa na tsayar da ita na ce, “Ranki ya daɗe, in maganar Zu Tanu ce, tsufa ne. Wasa nake yi. Yaushe kika taɓa ji na yi maganar gaske? Albasa ce ta yi tsada ranar.” Na yi mata har da rawar muryar, don ta ga na iya ta duk lokacin da na so. Na ga kafaɗunta sun ɗan sauka. So take ta yarda, Yaya, na gani a idonta. Ni ma so nake ta yarda. Yarinya tana shirin baikonta, me zan ɗora mata?

Amma 'yar Zu Tanu ce, ba a sayar mata da kifin jiya. Ta ce, “To. Zo ka faɗa a can.”

Muka tsaya a gaban ginshiƙin. Wasu baƙi suna ɗaukar hoto, muka jira suka gama. Ta ce, “Sa hannunka inda ka sa. Ka ce wasa ne, in tafi Torino da zuciya ɗaya.”

Na kalli ayar. Na kalli hannuna. Na tura shi cikin aljihu na ce, “Ba ni da alwala.”

Ta ce, “Ga famfo can.”

Na ce, “Na gan shi.”

Ban motsa ba, ita ma ba ta ƙara cewa in je ba. Muka tsaya a haka, tattabaru suna yawo a ƙafafunmu. Can ta ce, “Duk shekarun nan, me ya hana ka faɗa sau ɗaya ba da albasa ba?” Na ce, “Na faɗa sau ɗaya.”

Sai ta rufe fuska da hannu biyu. Na sha sa ta hawaye, amma duk na dariya ne, wannan ban san yadda ake yi da shi ba. Ta fara cewa, “Da a ce bara ne ka...” Na ce kar ta ƙarasa. In ta ce da ta yarda, ba zan ƙara barci ba. In ta ce da ba ta yarda ba, shi ma haka. Na tambaye ta abu ɗaya, ko tana son Lillo. Ta gyaɗa kai tana kuka. Na ce to shi ke nan, share fuskarki, kar fada ya ce na yi miki sata.

Ba ta yi dariya ba. Karo na farko ke nan.

Jiya aka yi baikon a gidansu. Na je, da farar rigarki. Ni na jera kujeru, ni na zagaya da gahawa. Da na miƙa wa Lillo nasa, duk ɗakin aka zuba masa ido ana jira. Ya ɗan kurɓa a hankali, ya ƙara kurɓa, ya dube ni ya ce, “Sukari ne fa.” Na ce e, sukari ne. Za Pina ta taɓa goshina ta ce ko ba ni da lafiya. Ninfa tana can gefen taga, ba ta ɗago ba. Da zan tafi, Zu Tanu ya raka ni har ƙasan bene, abin da bai taɓa yi ba, ya riƙe wuyana ta baya ya ɗan jijjiga, ya koma.

Bayan bikin aure za su tafi. Finjalan suna cikin akwatinta, na ga Za Pina tana naɗe su a tawul.

Ga ɗan ƙulli nan na sa a cikin ambulan, in ma'aikatan gidan waya ba su murƙushe shi ba. Rabona ne na alewar, guda biyar kamar yadda suke ba kowa. Na kasa ci. Ki raba wa yara, ki ba Ummi ɗaya ta tsotsa. In ta tambaya ta mece ce, ki ce ta baikon 'yar maigidana ce, yarinyar kirki, ta samu miji nagari. Wannan ko a gaban ginshiƙi zan iya faɗa.

Ki gaida Lutfi da yara. Ki ce wa Ummi ta sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Nizar.